Fom Ɗin Sulemanu da Sa Hannun Alhaji Garba

'Ya'yana, na san kun ji ana cewa na taɓa yin sa hannun ƙarya a takardar gwamnati. Watakila ba a faɗa a gabanku ba, amma a zongo, unguwar Hausawa, magana ba ta jiran a faɗe ta a gaban mutum kafin ta iske shi. Yanzu waɗanda abin ya shafa duk sun rasu, in ban da mutum ɗaya, shi kuma na aika masa ya ce in rubuta. To zan rubuta yadda na tuna, inda kuma ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Shekara ce ta biyu, ko ta uku, bayan an sauke tutar Turawa. Ban daɗe da dawowa daga jami'a a kudu ba aka ba ni aji biyar, ajin da zai zauna jarrabawar fita sakandare. A lokacin maganar kowa ɗaya ce: ƙasa ta zama tamu, ana neman 'yan arewa da za su riƙe ofisoshi, kuma ba a ba mutum kujera sai da takardar wannan jarrabawa. Sau ɗaya ake yin ta a shekara. Wanda ta wuce shi, gurbinsa a sukuru ya ƙare ke nan, domin ba a maimaita aji biyar. Na ce sukuru ne da gangan, don mu a Tamale in an ce makaranta ta allo ake nufi, kuma iyayen ɗalibaina ita suka sani. Sun san sauka, sun san walima. Ba su san wani karatu da ake yi shekara biyar sannan a auna shi cikin mako biyu, a ɗakin da aka hana magana ba.

Sai na ga ya kamata a tara iyayen a yi musu bayani, abin da ba a saba yi ba. Hedimasta, wani dattijo ɗan kudu mai son ƙa'ida, ya ce in gwada. Na kwashe mako guda ina rubuta abin da zan faɗa, ina gogewa. Kada a kira yaro gida girbin gyaɗa a wannan zango. In ya zo hutu a bar masa fitila da kananzir. Kada a aike shi Kumashi rakiyar kaya. Kada a ɗura masa rubutun sha ranar jarrabawa har cikinsa ya ɓaci, a ba shi kaɗan in dole ne. Wannan na ƙarshe sau huɗu ina cire shi ina mayarwa, don ina tsoron a ce ɗan Malam Isa ya je jami'a ya dawo yana raina rubutu.

Ranar Asabar suka zo, suka zauna a kan bencin yara gwiwoyinsu na taɓa ƙirjinsu. Ban kai rabin takardata ba wani manomi daga Sagnarigu ya ɗaga sandarsa.

"Ticha, jarrabawan nan, wa ya kawo shi? Shekara biyar yaro yana wurinku, har yanzu ba ku sani ba ko ya iya? Ni kwana uku na san wanda ya iya noma."

Aka yi dariya. Na yi bayani, na ƙara bayani, har na ji ni ma na fara shakkar abin da nake faɗa. Wani ya tambaya ko in yaro ya faɗi za a bar ƙanensa ya zauna masa, tunda gida ɗaya ne. Wani ya ce shi ya yarda da komai, amma a gaya masa ranar, don ya yanka zakara. Da na ga rana tana yi, sai na ajiye takardar na ɗauko abin da ya fi muhimmanci, wato fom ɗin rajista. Kowane ɗalibi da nasa, kuma a ƙasan kowanne akwai layin da uba zai sa hannu. Motar gidan waya za ta kwashe su ranar Juma'a mai zuwa zuwa Ankara, kamar yadda muke kiran babban birni. Damina ce, kogi ya cika a Yeji, ba kullum jirgin fito ke ƙetarawa ba. In suka rasa motar Juma'a, ba za su isa kafin a rufe rajista ba.

Na fara kira bisa jerin sunaye. Mahaifin wane, ya taso ya dangwala yatsa. Mahaifin wane, ya taso ya yi zanensa. Har na zo kan Sulemanu Garba, wanda ya fi kowa a ajin, musamman a lissafi, saurayi ɗan shekara goma sha takwas mai yawan shiru. Mahaifinsa Alhaji Garba mai goro yana zaune a layin gaba da farar alkyabba, ina ganinsa yana ganina.

"Mahaifin Sulemanu."

Bai motsa ba. Na ɗauka bai ji ba, na ɗaga murya. Ya juya yana kallon taga. Ɗakin ya yi tsit, kuma da ina da hankali da shirun nan ya ishe ni. Amma hankalina na kan jerin sunaye da agogo, sai na matsa kusa da shi da fom a hannu.

"Alhaji, ai ku ake jira. Ba ɗanku ba ne?"

"Ɗan wa?"

"Sulemanu."

"Ticha, ni rakiya na zo. Yaron Hajiya ne."

Ya miƙe, ya gyara alkyabbarsa, ya sa takalmi ya fita. Mutum uku ko huɗu na zongo suka bi bayansa. Dagombawan da ke wurin, 'yan asalin garin da ba su san al'adarmu ba, suna kallon juna, manomin nan yana tambaya ko an yi faɗa ne.

Da na koma gida a unguwar Changli na tarar labari ya riga ni. Inna, kakarku, tana tankaɗen gari, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Haruna, da kunnenka ka taɓa jin na kira sunan yayanka?"

"A'a, Inna."

"Ka taɓa jin ubanku ya ce ɗana, yana nufinsa?"

"A'a."

"To a jami'ar taku aka cire maka wannan, ko a lori ya faɗi a hanya? Ɗan fari ne fa! A gaban jama'a ka tsare dattijo da takarda ka ce ya amsa. Ka je ka tuɓe masa rawani mana, ya fi sauƙi."

Gaskiyarta ce, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. A cikin wannan al'ada aka haife ni. Na san iyayenmu na kunyar ɗan fari, ba sa kiran sunansa, ba sa nuna sun damu da shi, sukan ba kaka ko baffa riƙonsa su ce na wancan ne. Abin da ban sani ba shi ne Sulemanu ɗan fari ne, don akwai wani babba a gidan da na ɗauka yayansa ne, ashe ɗan wan Alhaji ne. Na duba ranar haihuwa, na duba harafin kowane suna sau uku, ban tambayi wannan ba. Babu gurbinsa a fom.

Ranar Lahadi na je ban haƙuri. Na tarar da Alhaji a zaure yana yayyafa wa huhun goro ruwa. Ya karɓe ni da fara'a, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya ba ni goro fari guda biyu. Da na kawo maganar takarda sai ya tambaye ni ko gaskiya ne za a yi sabuwar gada a kudu. Litinin na koma, aka ce ya tafi kasuwa. Na bi shi kasuwa, aka ce ya tafi masallaci. Talata na tsaya a ƙofar gidan da kekena har aka kira la'asar, ruwan sama ya jiƙe ni, na ɓoye fom ɗin cikin riga. Baffan yaron, Malam Idi, ya fito ya same ni.

"Ticha, kawo in dangwala maka kowa ya huta. Turawan Ankara sun san yatsana ne?"

Watakila da na yarda ba wanda zai kula. Ina jin ma haka ne. Amma na karanta ƙananan rubutun da ke bayan fom ɗin, an ce mariƙi yana sa hannu ne kawai in uba ya rasu, kuma ni da hannuna na rubuta a rajistar sukuru cewa uban yana raye. In wani akawu mai ido ya haɗa biyun, za a iya soke sakamakon yaron bayan ya ci. Ban san ko an taɓa yi wa wani haka ba. Na dai kasa kawar da tunanin. Malam Idi ya ce ni da Alhaji duk taurin kai ne ke damunmu, sai dai nawa da tabarau.

Shi kuwa Sulemanu bai tayar mini da maganar ba. Yana zuwa aji, yana aikin lissafinsa, in an tashi ya tsaya kamar yana neman wani abu a cikin teburinsa har kowa ya fita. Ranar Laraba na ce masa ana ƙoƙari. Ya ce, "Ticha, ku bar shi. Ba zai yi ba. Ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, in zai aike ni kai yake cewa." Ya faɗe shi ba tare da fushi ba, kamar yana gaya mini kuɗin mota zuwa Salaga.

Inna ce ta ce in daina bin namiji in je wurin uwarsa. Ranar Alhamis da rana na shiga wurin Hajiya Asabe, mahaifiyar Alhaji, wadda ta raini yaron tun yaye. Tsohuwa ce ƙarama mai kaifin murya. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayani tun daga farko, har da maganar kogin Yeji.

"Kai ɗan nan, ka cika dogon zance. Wato mijina ba zai zama akawu ba saboda wancan ya ƙi zana takarda?"

"Kusan haka ne, Hajiya."

"Me aka rubuta a wurin?"

"An rubuta uba."

"To kai wa ya aike ka ka ce uba? Shi yana jin Turanci ne? Ka ce maigida. Ka ce mai gidan da yaro yake cin tuwo. Kuma kada ka kira sunan yaron, kada ka shigo da kowa."

"Hajiya, ai ba haka aka rubuta ba."

"Innalillahi! Malam Isa ya haifi alƙali. Tashi mu je."

Na bi ta ina ta lissafi a zuci. Mutumin da aka sa ya sa hannu a kan abin da aka fassara masa ba daidai ba, sa hannunsa ya inganta? Ina cikin wannan lissafi muka iso zaure. Hajiya ta tsaya daga bayan ƙofar cikin gida inda ba a ganinta, ta ce, "Garba, ga Ticha da takardar gidan nan. Ka sallame shi, ya hana ni barcin rana." Alhaji ya kori yaran da ke zaɓen goro, ya karɓi fom ɗin ya riƙe shi nesa da ido, ya ɗora yatsa daidai kan kalmar.

"Me aka ce a nan?"

"An ce... mai gidan da yaro yake zaune a gidansa, yake ci yake sha."

"Duk a wannan 'yar kalmar? Ita gajera, fassararka doguwa."

"Turanci haka yake, Alhaji."

"Haka yake ko?"

Ya dube ni da kyau. Na miƙa masa alƙalamina, ya ture shi, ya jawo nasa na kara da 'yar kwalbar tawada. Kafin ya tsoma ya tsaya.

"Takardar nan ta Ankara ce?"

"Ta Ankara ce."

"Ba mai karanta ta a zongo?"

"Babu, Alhaji. Na yi muku alkawari."

Ya sunkuya ya yi rubutu da ajami, ya ɗan daɗe fiye da yadda suna ɗaya ke ɗauka. Ya barbaɗa yashi, ya kaɗe, ya ninke takardar da kansa ya miƙo mini, ya koma kan goronsa kamar ba ni a wurin. Sai da na yi nisa, na wuce masu sayar da itace, na tsayar da keke a gindin wata bishiya na buɗe. Na yi allo kafin in yi sukuru, rubutun kuma a fili yake. Ya rubuta: Abubakar ɗan Usmanu, uban Sulemanu.

Da a ce maganar ta tsaya nan, da ba ku taɓa jin ta ba. Amma an ga shigata an ga fitata, kuma da yamma a kasuwa wani abokin wasansa ya tsokane shi a gaban mutane, ya ce an ji Alhaji ya sa wa yaronsa hannu. Alhaji ya ce, "Wace takarda? Ni ban ga wata takarda ba." Me zai ce in ba haka ba? Duk ɗan zongo da ya ji ya gane. Sai dai a wurin akwai akawun sukurunmu, wanda ba ɗan zongo ba ne, shi kuma ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Ba na jin da mugunta ya yi. Ya dai kai ta inda ya ga ya dace.

Safiyar Juma'a na tarar da hedimasta ya ware fom ɗin Sulemanu gefe, sauran an jera su cikin babban ambulan. Motar gidan waya takan tsaya a ƙofar sukuru da ƙarfe goma. Da Turanci muka yi maganar, amma ya fara da 'yar Hausarsa.

"Ticha Haruna, wannan magana bai da kyau."

Ya ce ranar Asabar mutumin ya musanta yaron a gabansa, jiya ya musanta takardar a kasuwa, yau ga takardar da rubutun da shi ba ya iya karantawa. Na karanta masa, na yi masa bayanin kunyar ɗan fari iyakar iyawata. Ya saurara da kyau. Sannan ya ce bai ce ina ƙarya ba, amma ni ma na iya wannan rubutu, kuma kowa ya san yadda nake son yaron ya zauna jarrabawar. Ya ba ni zaɓi biyu. Ko Alhaji ya zo ya faɗa da bakinsa cewa ɗansa ne kuma hannunsa ne, ko a aika keke a ɗauko malamin da ke rubuta wa 'yan goro wasiƙu a zongo, wanda ya san hannun kowa, ya duba ya shaida. Na biyun ba zai ɗauki rabin awa ba.

Na san malamin. Mutumin kirki ne, amma kafin a sauko daga masallacin Juma'a duk zongo sun haddace abin da Alhaji ya rubuta, kuma abokan wasansa za su riƙa gaishe shi da shi har ya mutu. Ni na ja masa kunya ta farko. Kuma na yi alkawari. Ku kun san ni, ban taɓa sa hannu a ko da takardar karɓar alli ba sai na karanta ta sau biyu. Na tsaya ina kallon agogon bango, ƙarfe tara da rabi ta wuce, na ji bakina yana cewa akwai hanya ta uku. Zan rubuta da hannuna cewa a gabana uban ya sa hannu, in aka samu akasin haka a kore ni daga aiki. Amma ba za a kira kowa ba.

"Kana da shaidar da za ta wanke ka cikin rabin awa, kuma ka ƙi?"

"Na ƙi, Masta."

"To ka sani dole in rubuta a fayil ɗinka cewa an yi zargi, an ba ka damar kawo shaida, ka ƙi."

"Ku rubuta."

Ya rubuta kuwa, ni ma na rubuta tawa. Ban ga laifinsa ba, a matsayinsa ni ma watakila haka zan yi. Wannan 'yar takarda ta zauna a fayil ɗina har na yi ritaya. Sau biyu ana sa sunana a jerin waɗanda za a ba riƙon sukuru, sau biyu ana cirewa, kuma ko ba a gaya mini dalili ba ina jin na san shi. Waɗanda na koyar sun zo sun zama shugabannina. Mahaifiyarku ta yi shekaru tana cewa in je in roƙi Alhaji ya yi magana, kalma ɗaya kawai. Ban je ba. Shi ma bai taɓa tayar da zancen ba, sai dai duk sallah akan kawo mana goro daga gidansa, ba tare da saƙo ba. Wasu lokuta in na tuna har yanzu raina yana ɓaci, da shi, da fom ɗin, da kaina da ban yi tambaya ɗaya ba tun farko.

Saura kwata goma ta cika hedimasta ya ɗauki fom ɗin zai sa cikin ambulan. Sai na tuna masa cewa ƙa'ida ta ce kowane ɗalibi ya duba sunansa da idonsa kafin a rufe, sauran sun duba nasu tun Laraba, saura Sulemanu. Ƙa'idar gaskiya ce, ba ƙirƙira na yi ba. Game da alkawari kuma, na gaya wa kaina cewa Sulemanu a sukuru yake kwana, ba a zongo ba. Ban tabbata wannan hujja za ta tsaya a gaban Alhaji ba, amma da ita na lallashi kaina.

Aka kira shi daga aji. Ya shigo da alli a hannun rigarsa, ya tsaya a gaban tebur.

"Duba sunanka, ka ga ko an rubuta daidai."

Ya duba sama inda aka buga sunan da keken rubutu. Sannan idonsa ya sauka ƙasa, ya tsaya a can. Shi ma ya yi allo a hannun kakarsa. Muna jin motar ta tsaya a ƙofa, direba yana danna ƙaho, akawu ya leƙo yana cewa ba za su jira ba. Hedimasta ya miƙa hannu.

"Daidai ne?"

"Daidai ne, Masta."

Amma bai saki takardar ba. Ya juyo wurina, da Hausa, murya ƙasa ƙasa.

"Ticha, in ƙara dubawa sau ɗaya?"

Na ce wa akawu ya je ya ce wa direba ya kashe mota.